Na yi kwas ɗin farin ciki na Yale sau biyu, na farkon bai shiga lissafi ba

Ni akanta ce, kuma a ofishinmu ni ke haɗa takardar albashi duk ƙarshen wata. Na san abin da kowa ke ɗauka, tun daga shugaba har mai shara. Wanda bai taɓa wannan aikin ba zai ce ai lambobi ne kawai. Wata shekara aka yi mini ƙarin albashi mai kauri, na yi kwana biyu ina murna. A rana ta uku na buɗe takardar, na ga ƙarin wani abokin aiki da muka kama aiki wata ɗaya ya ɗara nawa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Nan take murnar ta koma ciki. Kuɗin da ke hannuna bai ragu da komai ba, amma na yi mako ina ɗaure fuska a gida, har maigidana ya tambaya ko wani ne ya rasu.

Na kawo wannan ne don a san irin wadda ta zauna gaban kwas ɗin da zan yi magana a kai. Sunansa The Science of Well-Being, ana samunsa a manhajar Coursera, kuma Farfesa Laurie Santos ta Jami'ar Yale da ke Amurka ce ke koyar da shi. Asalinsa darasin aji ne. A watan Janairun 2018 ta buɗe wa ɗalibanta wani darasi kan yadda mutum zai ji daɗin rayuwa, sai kimanin ɗalibai 1,200 suka yi rajista, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu karatun digirin farko a jami'ar. Tun da aka kafa Yale a 1701 ba a taɓa yin darasin da ya tara mutane haka ba. A shekarar aka sa shi a intanet, kuma zuwa yanzu fiye da mutum miliyan 4 sun yi rajista. Lokacin da na yi shi ba a biyan komai, sai ga mai son takardar shaida. Mako 10 ne: shida na darasi, huɗun ƙarshe kuma ka zaɓi ɗabi'a ɗaya ka yi ta maimaitawa. Bidiyoyin gajeru ne, an ɗauke su a falon gidanta da ke cikin jami'ar, ita a zaune, 'yan ɗalibai a kan kujeru suna jefo tambaya. Da Turanci take magana, a fili, ba ta cika manyan kalmomi ba.

Na fara yinsa a 2020, lokacin kullen korona, kamar dubban mutanen da suka rasa abin yi. Cikin kwana tara na kalle duk bidiyoyin mako shida. Na ci dukkan 'yan gwaje-gwajen da ke ƙarshen darasi. Aikin gida kuwa ko ɗaya ban taɓa ba, don a ganina na riga na gane abin da ake nufi, sauran wasan yara ne. Na fito da baki cike da bayani. In aka zauna hira sai in ce bincike ya nuna kaza, bincike ya nuna kaza, har ƙanwata ta sa mini suna Malama Bincike. Amma ƙarshen wata na zuwa, in buɗe takardar albashi, zuciyata ta yi abin da ta saba.

Abin kunyar shi ne tun a makon farko malamar ta ja kunne a kan daidai wannan. Ita da abokiyar aikinta Tamar Gendler sun daɗe suna sukar wani zancen da ake yawan yi a Amurka, wai sanin abu rabin nasara ne. Ta ce ko kusa. Misalin da ya zauna mini shi ne zanen nan na layuka biyu da wani Bajamushe, Müller-Lyer, ya fitar a 1889: tsawonsu ɗaya, amma ɗaya an sa masa kan kibiya mai kallon ciki, ɗayan mai kallon waje, sai ido ya rantse ɗaya ya fi tsawo. Ni da ba na yarda da abin da ban auna ba, sai da na ɗauko rula na ɗora a kan fuskar kwamfuta. Daidai suke. Na ɗage rular, ɗayan ya koma ya fi tsawo. Na sani, amma idona bai san na sani ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma ni a 2020 hangen na yi na koma gida.

A 2023 na sake komawa, bayan wata rashin lafiya da ta kwantar da ni mako uku ta ba ni lokacin tunani fiye da yadda nake so. Wannan karon na sa wa kaina doka: ba zan kalli darasin mako na gaba ba sai na gama aikin wannan makon. Na sayi ƙaramin littafi mai baƙin bango, na ja layi kamar na lissafin kuɗi, rana a hagu, aiki a dama.

Kafin a fara komai ana sa ka auna kanka da tambayoyi kala biyu. Ɗaya ya ginu ne a kan rabe-raben Martin Seligman, mutumin da ya kafa wannan reshe na ilimin halayyar ɗan Adam lokacin da ya shugabanci ƙungiyar masana fannin ta Amurka a 1998. Hujjarsa ita ce fannin ya shafe shekaru yana nazarin abin da ke lalata mutum, ya manta da abin da ke gyara shi. Ya kasa walwala gida biyar: jin daɗi, nutsewa cikin aiki, zumunci da mutane, ma'anar rayuwa, da cim ma buri. Sai kuma wani dogon gwaji da ke jera maka kyawawan halaye 24 daga wanda ya fi ƙarfi a jikinka zuwa wanda ya fi rauni. Nawa na sama taka-tsantsan ne. Godiya tana can ƙasa, ta 19. Ban ji daɗin ganin haka ba, don ina ɗaukar kaina mai godiya. Ashe a baki ne.

Darasin da ya fi taɓa ni shi ne na mako na uku, inda ake bayanin dalilin da ya sa zuciya ke kuskuren hasashen abin da zai faranta mata. Abu biyu na riƙe. Na farko sabo. Duk abin da ka samu, mota ce, gida ne, muƙami ne, daɗinsa yana dushewa, ba don ya lalace ba, sai don ka saba da shi, kuma tun kafin ka samu ba ka lissafa da wannan dushewar. Na biyu kwatance. Ƙwaƙwalwa ba ta auna abu shi kaɗai, sai ta ajiye shi kusa da wani. An yi nazarin fuskokin waɗanda suka ci lambobi a gasar Olamfik ta Basalona a 1992, sakamakon ya fito a 1995, aka ga masu lambar tagulla sun fi masu ta azurfa fara'a. Na biyu yana kallon zinaren da ya kuɓuce masa, na uku yana kallon wanda ya tafi gida hannu rabbana. Sai wani binciken na 1998 da aka yi a Jami'ar Harvard, inda aka tambayi mutane: ka samu dala 50,000 a shekara sauran jama'a na samun 25,000, ko ka samu 100,000 su suna samun 200,000? Farashin kaya ɗaya ne a duka biyun. Kusan rabi suka zaɓi na farkon. Sun yarda a raba kuɗinsu biyu, in dai suna gaban maƙwabci.

Na dakatar da bidiyon a nan na tashi na zaga ɗaki. Labarina ne ake bayarwa, ba a dai kira sunana ba. Shekara da shekaru ina zaune a kan teburin da babu abin da ke kansa sai ma'aunin kwatance, sau goma sha biyu a shekara ina buɗe shi. Ba zan iya daina buɗewa ba, aikina ne. Abin da kwas ɗin ya ba ni shi ne wata 'yar dabara: ka koma da tunaninka lokacin da ba ka da abin da kake da shi yanzu, ka tsaya a can minti biyu. Ni ina da takardar albashina ta farko a cikin wani tsohon fayil. Na ciro ta na liƙa a cikin bangon baƙin littafin. Ba ta kashe kishin ba, ƙarya ne in ce ta kashe. Amma ta rage masa kwana, daga mako ya dawo yini.

Aikin gidan kala-kala ne, kuma ba duka suka karɓe ni ba. Zaman natsuwa na minti 10, a rufe ido a bi numfashi, na yi ta fama da shi. An kawo wani bincike na 2010 da ya bi mutum 2,250 ta wayoyinsu ya gano kusan kashi 47 cikin 100 na lokacinsu hankalinsu ba ya kan abin da suke yi, kuma a lokacin sun fi rashin walwala. Na yarda, nawa ma ya wuce 47. Amma ina rufe ido sai lissafin da bai daidaita ba ya zo ya zauna a gabana. Na bar shi bayan mako biyu. Motsa jiki na minti 30 na yi kwana huɗu. Rubuta abubuwa biyar na godiya kowane dare ya fara da daɗi, amma zuwa mako na uku na lura abu ɗaya nake maimaitawa, lafiya, yara, aiki, kamar mai cike fom. Sai da na koma rubuta abu ɗaya tak, ƙarami, wanda ya faru a ranar kuma ba zai sake faruwa haka ba, sannan ya dawo da ɗanɗano. Na ranar wata Talata: autana ya gyara mini zaman gilashi a fuska ba tare da ya ce komai ba.

Barci ne na zaɓa a makonni huɗun ƙarshe, awa bakwai. A nan wata dabara ta Gabriele Oettingen, malama a Jami'ar New York, ta yi mini rana. Ta nuna cewa mafarkin nasara shi kaɗai yana sanyaya gwiwa, don zuciya na jin kamar ta riga ta isa. Sai ta ce a bi mataki huɗu: faɗi burinka, hango amfaninsa, nemo cikas ɗin da ke cikin kanka, sannan ka ƙulla shiri mai siffar "idan kaza ya faru, to zan yi kaza". Na zaci cikas ɗina yawan aiki ne. Da na zauna na yi wa kaina gaskiya, waya ce. Shirin ya zama: idan ƙarfe goma ta buga, to wayar za ta kwana a falo a jikin caja. Na sayi agogo mai ƙararrawa saboda haka. Maigidana ya yi dariya ya ce, "Yanzu sai da farfesa daga Amurka ta faɗa miki? Shekara nawa ina faɗa?" Yana da gaskiya, ban dai amsa masa ba.

Abu biyu ne suka fi komai tasiri, kuma dukkansu mutane ne a ciki.

Akwai makon da aka ce kullum ka yi magana da wani wanda da ba za ka kula shi ba. Tushensa binciken Nicholas Epley da Juliana Schroeder ne na 2014, a jiragen ƙasa masu shiga birnin Chicago. An ce wa wasu fasinjoji su ja na kusa da su da hira, wasu su yi shiru, wasu su yi yadda suka saba. Waɗanda aka tambaya tun farko sun yi hasashen shirun zai fi daɗi. Masu hirar ne suka sauka da fara'a. Ni ban nemi baƙo a mota ba. Na tuna dattijuwar da ke share ofishinmu. Shekara huɗu ina tura mata albashi, na haddace lambarta a takarda, amma bayan gaisuwa ba mu taɓa haɗa zance ba. Ranar na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Iya, wai ƙarfe nawa kike fitowa daga gida kike riga kowa zuwa?" Ta jingine tsintsiya ta dube ni, kamar tana auna ko laifi ta yi. Da ta ga ba haka ba ne sai zance ya ɓalle. Ashe jika take riƙo, yarinyar tana son lissafi, kuma babu mai duba mata aikin makaranta. Yanzu duk Alhamis takan zo da littafin yarinyar a jaka, in duba in rubuta gyara da jan biro. Minti goma ne. Ban san yadda zan sa wannan a ma'aunin Seligman ba, amma Alhamis ta zama ranar da nake saurin fita daga gida.

Na biyu wasiƙar godiya. Ka zaɓi wanda ya yi maka alherin da ba ka taɓa gode masa yadda ya kamata ba, ka rubuta shafi guda, ka je ka karanta masa baki da baki. Na zaɓi yayata, wadda ta ajiye nata karatun shekara biyu ta kama aiki don in ƙarasa nawa bayan rasuwar mahaifinmu. Ba mu taɓa maganar ba, ko sau ɗaya. Na yi kwana uku ina rubutawa ina yagewa. Da na je na ce, "Yaya, zauna, akwai abin da zan karanta miki." Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta ce, "Ke, lafiya? Likitan ya faɗa miki wani abu ne kike ɓoye mana?" Sai da na rantse mata lafiyata ƙalau. Ban kai rabin shafin ba muryata ta ƙi fita, ita kuma ta juya baya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Da na gama ta ce, "To, na ji. Ba ni takardar." Ta ninke ta huɗu ta sa a jaka. Shi ke nan abin da ta ce.

Binciken Seligman na 2005 ya nuna irin wannan ziyara tana ɗaga farin cikin mutum sosai na kimanin wata guda, zuwa wata uku kuma ya koma inda yake. Haka ya faru da ni, kusan daidai. Sai dai ma'aunin farin cikina ne ya koma, tsakanina da Yaya bai koma ba.

Yanzu bari akanta ta yi magana. Ba duk lambobin da ke wannan fanni ne ke tsayawa da ƙafarsu ba, kuma mai shiga kwas ɗin ya kamata ya shiga da wannan a ransa. Shahararren binciken 2008 da aka raba wa mutane dala 5 ko 20 a Kanada, aka ga waɗanda suka kashe wa wani sun fi waɗanda suka kashe wa kansu farin ciki da yamma, mutum 46 ne kacal a cikinsa. Zancen cewa kuɗi na daina ƙara walwala daga dala 75,000 a shekara, wanda Daniel Kahneman da Angus Deaton suka fitar a 2010, shi ma ya motsa. Matthew Killingsworth ya samu akasin haka a 2021, kuma a 2023 shi da Kahneman suka haɗu suka sake duba alƙaluman, suka ga ga yawancin mutane walwala na ci gaba da hawa tare da kuɗi. Wani ƙaramin rukuni na waɗanda suka fi kowa ƙunci ne kawai nasu ke tsayawa. Bidiyon da aka fitar a 2018 ba zai san abin da zai fito a 2023 ba. A shekarar ce kuma Dunigan Folk da Elizabeth Dunn, ita ce mai binciken dala 5 ɗin, suka tace nazarce-nazarcen da aka yi kan shawarwarin farin ciki da aka fi yayatawa, suka ware masu ƙarfin hujja. Godiya da cuɗanya da mutane sun samu madogara. Zaman natsuwa, motsa jiki da fita cikin itatuwa kuwa, hujjarsu ta fannin farin ciki ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Na ɗan ji sanyi da na karanta wannan, tunda abubuwan da na kasa su ne masu raunin hujja, ko da yake na san lalacina ba bincike ne ya jawo shi ba.

Sannan yawancin waɗanda aka yi gwaje-gwajen a kansu 'yan ƙasashe masu arziki ne, da yawa ɗaliban jami'a. Wanda damuwarsa kuɗin haya ne ko maganin yaro, ba ya buƙatar a ce masa kuɗi ba sa sayen farin ciki, kuma alƙaluman kansu sun nuna a ƙasan tsani kuɗi na yin aiki ƙwarai. Wanda kuma baƙin cikinsa ya kai ga kasa tashi daga gado, ko ya daina jin ɗanɗanon komai na tsawon makonni, likita yake buƙata kafin littafin godiya.

Da na sake auna kaina a mako na goma, makin ya hau, ba da yawa ba, kuma mafi yawan hawan a ɓangaren zumunci ne. A Jami'ar Bristol ta Ingila ana koyar da irin wannan kwas, kuma a 2024 suka fitar da sakamakon bibiyar tsofaffin ɗalibansu: waɗanda suka ci gaba da ayyukan ne kawai suka riƙe ribar, sauran sun koma gidan jiya. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikina. Saboda haka in kina neman abin kallo da dare, kwas ɗin zai nishaɗantar da ke ya bar ki yadda ya same ki, kamar yadda ya bar ni a 2020. In za ki iya ware minti ashirin a rana ki yi abin da zai sa ki ji kamar wawuya, irin tsayar da mai shara da hira ko karanta wa 'yar uwarki takarda, to ina ba da shawararsa ba tare da jan numfashi ba.

Baƙin littafin yana nan, amma rubutun ƙarshe a ciki ya kai wata biyar. Wayar tana kwana a falo, ban da kwana ukun ƙarshen wata da nake rufe lissafi. Littafin jikar Iya ya kai ga lissafin kaso. Yaya kuwa, bayan kusan shekara da karanta mata wasiƙar, ta kira ni wani dare ba gaira ba dalili. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Na sake duba takardar nan taki. Kin rubuta shekara biyu na ajiye karatu. Shekara uku ne. Ke da kike akanta." Na ce ta kawo in gyara. Ta ce a'a, ta riga ta gyara da biro.